Dannau, iskoki da mafarkin da mai shi ya san mafarki ne

A Gaya, bakin kogin Isa, masallatai cike suke, amma har yau akwai masunta Sarkawa da ke ambaton Harakoy Dikko, uwar ruwa, kamar yadda ƴan bori ke kiran iskokinsu. Wani ɓangare na dalilin yana cikin barci.

Ɗauki dannau. Mutum ya farka, ya kasa motsa ko yatsa, ƙirji ya yi nauyi, wani ma ya ga inuwa tsaye a kansa. Wanda ya taɓa ganin haka, da wuya ka raba shi da batun aljanu. Likitoci kuwa sun ce a matakin barcin da idanu ke yawan motsi, ƙwaƙwalwa kan tsayar da tsokoki don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. In hankali ya riga jiki farkawa, sai ragowar mafarkin ya biyo shi cikin ɗaki.

Akwai kuma mai barcin da kan gane mafarki yake, har ya juya shi. A 1975, a birnin Hull na Ingila, Keith Hearne ya naɗi alamar da wani mai barci ya aiko da idanunsa daga cikin mafarki, kamar yadda suka shirya.

Dannau ba ya wuce ƴan mintoci, kuma rashin barci da kwanciya rigingine na ƙara shi. Direbobin da ke kwana a hanya su lura. Amma in da faɗuwa da karkarwa, wannan na iya zama farfaɗiya, a nufi asibiti kafin a kashe kuɗi wurin boka.