Matasanmu da maganar magani: wa suke saurara?

Ranar kasuwa a Madawa ko Buza, in muka tsaya kusa da mai tallan magani a tire, za mu ga matasa iri-iri. Wani ya saya bai tambayi komai ba. Wani ya juya kwali yana neman ranar lalacewa. Wata kuwa kunya ta hana ta faɗin ciwonta, sai ta nuna jar ƙwaya da yatsa. Dukansu 'ya'yanmu ne, amma hali da tasowa ba ɗaya ba.

Wanda ya yi lakwal yana iya duba takardar cikin kwali, wadda galibi da Faransanci ko Ingilishi take. Wanda ya je cin rani Kano ko Abijan yakan dawo da salula cike da saƙonnin WhatsApp, inda kowa likita ne. Yarinyar da aka aurar da wuri a ƙauyukan Azarori kuwa, sau da yawa maganar uwar miji ta fi ta malamin asibiti nauyi a wurinta.

Wannan bambanci yana iya cin rai. A 2013 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara raba maganin rigakafin masassarar cizon sauro a Madawa da Buza, ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya kowane wata a damina. Ranar farko ma'aikaci ke bayarwa, sauran kwana biyu uwa ce a gida. Wadda ta ji tsoron tambaya, in yaro ya yi amai sai ta ɓoye sauran ƙwayoyin. Wadda ta saba ciniki da mutane takan koma ta tambaya.

Shakku ma yana da tushe. Lokacin annobar sanƙarau ta 1995, an yi wa dubban mutane allurar jabu a Nijar. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci.

Mu 'yan kasuwa mun san ba a sayen buhun albasa sai an kwance bakinsa. To mu koya wa 'ya'yanmu haka: wa ya faɗa, ina ya koya, me zai samu in na saya? Mai kunya a raka ta asibiti, mai karatu ya karanta wa maƙwabta. Allah ya ba mu lafiya.