Yashin Gagare a ƙarƙashin ƙafar sojan roba

Masu dara a Sakajiki ba sa neman allo. Gurbi 30 za a tona a ƙasa, wannan ya karyo tsinke 12, wancan ya tsinto tsakuwa 12, sai wasa. A Turai kuwa akwai waɗanda ƙasar suke ɗebowa su hau da ita kan tebur.

Wasan nasu daga soja ya faro. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa rundunar Farusiya, cikin Jamus ta yau, wasan yaƙi a kan taswira don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da ƙananan sojoji, sannan a 1983 kamfanin Games Workshop ya fito da wasan Warhammer. Sojojin, na roba ko na dalma, tsayinsu wajen milimita 28 ne, kowanne a tsaye kan ɗan faifai mai faɗin kwabo. Wannan faifan ake yi wa ado har ya koma fili, dutse ko fadama.

Sirrin aikin lissafi ne. Sojan ya gaza mutum wajen sau 60, don haka komai na gefensa sai ido ya ninka shi sau 60. Ƙwayar yashi mai milimita ɗaya ta zama dutse cikin tafin hannu. Tsakuwa mai milimita biyar ta kai santimita 30. Wanda ya kwaso yashin gini ya zuba haka nan, sojansa a kan tulin duwatsu zai tsaya. Dole a tankaɗe da rariya, a ware laushi daban, tsakin daban, a shanya su bushe ƙayau.

Daga nan sai farin gam irin na kafintoci. A sirka shi da ruwa, a shafa a kan faifan, a ɗora 'yan tsakuwa biyu ko uku, a barbaɗa laushin, a kakkaɓe. In ya bushe a sake ɗiga gam mai ruwa-ruwa ya kama yashin.

Abin da sabon shiga ke yi wa gardama shi ne fenti: me ya sa za a shafa wa yashi launin yashi? Saboda ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta, ba sa yin inuwa. Sai a fara da launi mai duhu ya cika su, sannan a goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, a shafa launi mai haske sama-sama, ya taɓa kawunan ƙwayoyin kaɗai.

Turawa a cikin gwangwani suke sayen yashin nan, kuma da tsada, abin da kogin Gagare ke shimfiɗawa kyauta da rani. Garin marmara yana ba da jar ƙasa. Lakar fadamar Shinkafi, in aka shafa ta siriri, da kanta take tsattsagewa. Zaren igiyar rama yankakke ya isa busasshiyar ciyawa. Yaran da ke gina shanun yumɓu sun riga sun san hannun, haka ɗaliban da ke haɗa samfurin gini a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, sai dai da yawa garin katako suke rinawa kore shar, ko da filin da za a yi ginin jigawa ce.