Yadda Masana Ke Tankaɗe Iri Da Dafi

Kowane manomi ya san tuwon masara yana ƙosarwa, amma likitoci sun daɗe suna faɗin cewa yaron da aka yaye a kan kunun masara tsura ba ya yin ƙwari. Dalili kuwa shi ne, abin gina jiki da ke cikin abinci, watau furotin, haɗi ne na waɗansu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Biyu daga cikinsu, laisin da tiriftofan, sun yi ƙaranci a masara, jikin mutum kuwa ba ya iya yinsu da kansa. Haka ma jikin kaza.

To, me ya hana tsiro ya yi su da yawa? Tsiro mai tsimi ne. Da ya sami abin da ya ishe shi, sai sinadarin da kansa ya tsai da aikin, kamar mai awo da ya ga mudu ya cika.

A nan masana suka sami dabara. Akwai dafi mai kama da kowane sinadari, kamar yadda jabun kuɗi ke kama da na gaske. Sai su raini ƙwayoyin jikin tsiro miliyoyi a cikin kwalba, su zuba musu dafin. Galibinsu sukan ruɗu, su zaci mudu ya cika, su bar yin na gasken, har su mutu. Amma jefi-jefi akan sami wadda ba ta jin wannan tsawa. Ita sai ta yi ta ƙera sinadarin har ya rinjayi dafin, ta rayu. Dafin ya zama rariya ke nan.

A 1972 wani masani, Jack Widholm na Jami'ar Illinois a Amurka, ya gwada haka da ƙwayoyin taba da na karas, waɗanda suka tsira kuwa tiriftofan ɗinsu ya ninka fiye da sau 10. A 1981 masana a Pavia ta ƙasar Italiya suka yi irin wannan da sifirulina, watau gansakukan nan da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa na wajen Tafkin Chadi, su shanya, su sa a miya, suna ce masa dihe.

Sai dai abin da ya yi kyau a kwalba ba lalle ne ya kai rumbu ba. A 1982 Hibberd da Green na Jami'ar Minnesota suka cika wa ƙwayoyin masara laisin da tireyonin har suka zama musu dafi. Waɗanda suka tsira aka raine su suka zama masara sosai, suka yi zangarniya, 'ya'yansu kuma suka gaji halin. Amma da aka auna tsabar, tireyonin ne ya ƙaru ƙwarai, ba laisin da aka fi bukata ba.

Irin da ya iso hannun manoma ta wata hanya ya biyo. A 1964 aka gane a Jami'ar Purdue cewa akwai wata masara mai yawan laisin da tiriftofan, sai dai tsabarta taushi gare ta, ƙwari na cinta. Masana a Meziko suka yi shekaru suna barbara har ta yi tauri. Daga cikinta aka fitar da Obatanpa a Gana a 1992, ta kuma shigo Nijeriya.

Wanda ya sami wannan iri daga malamin gona, ya shuka shi nesa da sauran masara, domin in ƙurar furen wata ta sauka a kan gemunsa, amfanin ya ragu. Wanda bai samu ba kuwa, kada ya raba 'ya'yansa da wake, gama wake yana da laisin ɗin da masara ta rasa.