Shafin Farko Mai Sake Kansa: Maganinsa Sai An Tono Saiwa

Daga cikin koke-koken da masu gyaran kwamfuta sukan sha ji daga bakin jama'a, akwai na mutumin da zai kunna na'urarsa da safe, ya buɗe burauza, watau manhajar da ake shiga intanet da ita, sai ya tarar shafin da ya saba fara gani ya ɓace, wani baƙon shafi cike da tallace-tallace ya maye gurbinsa. In ya shiga wurin saiti ya mayar da nasa, washegari sai ga baƙon nan ya dawo daram.

Galibi akan ɗauka na'urar ce ta tsufa, ko kuwa burauzar ce ta lalace. Alhali kuwa shafin farko ba ya sake kansa. Wata manhaja ce ta ɓuya a cikin kwamfutar, duk sa'ad da mai ita ya gyara saiti, sai ta bi bayansa ta warware. Saboda haka wanda ya tsaya ga canza adireshi kaɗai, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

ABIN DA SUKE NEMA

Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu wannan aiki kuɗi suke nema, kuma sana'arsu ta yi kama da ta dillalin da ya kafa kujera a ƙofar kasuwa, ya ce ba mai shiga sai ta hannunsa. Duk abin da mutum ya rubuta a akwatin bincikensu, wurinsu yake fara zuwa, sa'an nan su tura shi ga Google ko Yahoo ko Bing, su karɓi la'ada a kan tallan da aka nuna masa. Abin da ake samu a kan mutum guda bai taka kara ya karya ba, amma in aka tara na miliyoyin mutane, sai ya zama dukiya mai yawa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga tallace-tallace da cinye data ba. Wanda ya riƙe ƙofar nan yana ganin abin da mai na'ura yake nema, ko magani ne, ko bashi, ko aiki. Yana kuma iya karkatar da shi zuwa shafin banki na jabu, inda zai rubuta lambobinsa na sirri da hannunsa.

TSOHON CIWO

A shekarar 2003 wata manhaja mai suna CoolWebSearch ta addabi masu amfani da Internet Explorer. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Holan, Merijn Bellekom, ya rubuta maganinta mai suna CWShredder, amma duk lokacin da ya toshe wata kafa sai masu ita su fito da sabon salo. Shi ne kuma ya rubuta HijackThis, wadda kamfanin Trend Micro ya saya a 2007.

Daga baya kamfanoni masu rajista ma suka shiga sana'ar ta hanyar da doka ba ta hana ba. Shekara da shekaru, wanda ya je sauke Java daga kamfanin Oracle yakan tarar an haɗa masa da Ask Toolbar, an kuma riga an sa alamar amincewa a akwati, sai in shi ya cire. A 2015 Microsoft ya sa tsofaffin nau'o'in Ask Toolbar cikin jerin manhajojin da ba a so.

A watan Yuni na 2017 kamfanin tsaro na Check Point ya ba da labarin wata manhaja da ya laƙaba wa suna Fireball, ya danganta ta da kamfanin talla na Rafotech da ke birnin Beijing, ya ce ta kama kwamfutoci miliyan 250, kuma Indiya da Brazil ne ƙasashen da abin ya fi shafa. Microsoft ya musa wannan adadi, ya ce an zuzuta. Duk da haka 'yan sandan Beijing sun kama wasu ma'aikatan kamfanin a cikin wannan shekara.

YADDA AKE TONO TA

Gyaran yana da tsari, kuma saiti shi ne na ƙarshe. Da farko a duba jerin manhajojin da ke cikin Windows, a jera su bisa ranar da aka saka su, a cire duk wadda ta shigo a makon da ciwon ya fara in ba a san ta ba. Na biyu, a buɗe jerin 'yan ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza, inda aka rubuta "Extensions", a cire duk wadda mai na'ura bai tuna ya saka da kansa ba, musamman masu alkawarin rangwame ko sauke bidiyo kyauta.

Na uku, a duba alamar burauza da ke fuskar kwamfuta. In aka danna mata maɓallin dama na linzami aka zaɓi "Properties", za a ga layin da ke nuna inda manhajar take. Ɓarayin sukan liƙa adireshinsu a ƙarshen layin nan, ta yadda ko saiti yana daidai, shafinsu ne zai buɗe. Sai a goge alamar a yi sabuwa.

Na huɗu, a leƙa "Task Scheduler", inda Windows yake ajiye ayyukan da zai riƙa yi da kansa a kan lokaci. Nan ne ake dasa umarnin da ke mayar da baƙon shafi duk sa'ad da aka kunna na'ura. Har ila yau, in Chrome ya rubuta cewa wata hukuma ce ke kula da shi, alhali kwamfutar ta gida ce, to, an kulle saitin ne da dokokin da aka tanada domin ofisoshi. Rubuta chrome://policy a wurin adireshi zai nuna su, amma cire su ya fi kyau a bar wa gwani. In kuwa na'urar ta ma'aikata ce, mai yiwuwa ma'aikatar ce ta kafa shafin da gangan, sai a tambayi jami'in da ke kula da kwamfutoci.

Bayan wannan sai a binciki na'urar da Microsoft Defender, ko da AdwCleaner, wadda Malwarebytes ya saya a 2016 kuma ake ba da ita kyauta. Sa'an nan ne za a mayar da burauza halinta na asali ta wurin saiti, a rubuta shafin da ake so. Wanda ya haɗa burauzarsa da asusun Google ko Firefox a na'urori da dama, wajibi ne ya tsabtace su duka, in ba haka ba wadda aka bari za ta sake harbin sauran.

RIGAKAFI

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi yawan waɗannan manhajoji mai na'ura ne yake buɗe musu ƙofa, ta wurin sauke manhajar sata da aka fasa, ko danna "Next" a jere ba tare da karanta abin da aka rubuta ba. Kamata ya yi a riƙa sauke kowace manhaja daga shafin kamfanin da ya yi ta, a tsaya a cire alamar duk wani ƙari da aka cusa. Wanda kuma ya sayi kwamfuta ta hannu, ya sa a goge ta a sake mata Windows kafin ya fara aiki da ita.

Wanda ya riga ya shiga asusun bankinsa ko na wasiƙunsa a lokacin da baƙon shafin yake nan, kada ya yi jinkiri. Ya canza kalmomin sirrinsa daga wata na'ura mai tsabta, ya kuma duba bayanin shige da ficen kuɗinsa na watannin da suka gabata.