Yadda Za Ka Yi Katin Barka da Salla da Hannunka

 Darasinmu na yau a kan katin gaisuwa yake. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, idan ɗan uwanka yana Kano ko Agadas ko Yamai, ƙafa ba ta kaiwa ranar Salla, sai takarda ta je a madadinka. Kuma ka sani, karatun da ba a aiki da shi gudu yake yi. Wanda ya gama aji bai sake riƙe alƙalami ba, kafin damina biyu sai ya koma neman mai rubuta masa wasiƙa, asirin gidansa ya koma kunnen wani.

A Ingila aka fara buga katin gaisuwar Kirsimeti don sayarwa, a birnin Landan, a 1843. Daga baya masu ɗab'i suka ƙera ƙarfe mai kaifi mai siffar fure ko ganye, a danna shi a kan takarda ya huda ado a bugu ɗaya. Kada wannan ya ba ka mamaki, don dukawan Damagaram sun daɗe da sanin dabarar. Baduku yakan fasa ado a jikin jar fata, ya shimfiɗa koriya a ƙarƙashi, sai launin ƙasa ya leƙo ta ramukan. Irin fatar nan ta jar akuya ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suna kiranta fatar Maroko. Abin da baduku ke yi da fata shi za mu yi da takarda.

Ga kayan aiki: farar takarda mai kauri, takarda mai launi, guntun kwali, fensir, almakashi, reza, da ƙaro da aka jiƙa a ruwa kaɗan har ya yi danƙo.

Da farko sai ka zaɓi zane. Ba sai ka je nesa ba. Zaga unguwar Birni, wajen fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ko ka shiga Zango, ka dubi adon da magina suka yi a fuskar zauruka. Mai koyo ya fara da mai sauƙi, kamar tauraro ko jinjirin wata ko jerin kusurwa uku. Dagi sai hannu ya faɗa.

Na biyu, zana adon a kan kwali, ka ɗora shi bisa katako, ka yanke da reza. Wannan kwali shi ne uwar zane, shi ne madadin ƙarfen masu ɗab'i. Da shi ɗaya za ka fitar da kati ashirin iri guda.

Na uku, ninka farar takarda gida biyu. Takardar ofis tsawonta santimita 29.7 ne, faɗinta 21, idan an ninka ta ta isa kati. Buɗe ta, ka ɗora uwar zane a fuskar gaba, ka bi ramukan da fensir, sannan ka yanke. Lura da abu ɗaya: bar ƴar gada tsakanin rami da rami, mai faɗin ƙwayar shinkafa ko fiye. Idan ramuka suka haɗe, tsakiyar adon za ta zube. Reza kuwa a ja ta nesa da yatsa, a kuma ɓoye ta daga yara.

Na huɗu, yanka takarda mai launi daidai fuskar katin, ka shafa ƙaro kaɗan a gefunanta, ka liƙa ta daga ciki. Ƙaro mai yawa yana sa takarda ta yamutse. Danne katin da littafi har ya bushe.

Saura babban aiki, wato rubutu. Fara gwadawa a kan allo ko tsohuwar takarda. Abu huɗu ake so: sunan wanda za a aika wa, gaisuwa, sunanka, da gari da kwanan wata. Ga misali: "Zuwa ga Yaya. Barka da Salla, Allah ya maimaita mana. Iyali duk suna gaisuwa." Kula da haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wanda ya manta lanƙwasa ya mai da baƙi baki, ya mai da ƙafa kafa. Mai ajami ma ya rubuta da ajaminsa, babu laifi.

Gaisuwar waya tana wucewa da an kashe waya, amma kati ana ajiye shi a akwati shekara da shekaru, a fito da shi a nuna wa jikoki rubutun kakansu. Saboda haka kowane ɗan aji, namiji da mace, ya yi kati guda kafin Salla, ya kai wa malaminsa ya duba haruffan, sannan ya sa a ambulan ya aika.

Allah ya ƙara mana fahimta, amin. Sai darasi na gaba.