Shuka Soso a Tsakar Gida

Mai son ganin rumfarsa ta lulluɓe da ganye da furanni kafin damina ta wuce, ba sai ya je neman irin ƙasar waje ba. Soso ya ishe shi. Dangin kabewa da duma ne, kuma a damina ɗaya yaɗonsa kan kai mita 9. Ga inuwa, ga fure ruwan ɗorawa mai faɗi, sannan ga abin wanka da wanke-wanke.

Sai dai kafin a binne iri, a fara kafa masa abin hawa. Soso yana naɗe duk abin da ya taɓa da 'yan zaruruwansa, kuma idan ya yi 'ya'ya nauyinsa kan kayar da dangar kara. A yi rumfa da itace mai ƙwari ko ƙarfe, inda rana ke bugawa sosai. A nisanta shi da ƙananan itatuwa irin su gwaiba da lemo, domin in ya haye su yakan tare musu haske.

Da zarar ruwa ya zauna, a jiƙa irin ya kwana, saboda ɓawonsa na da tauri. A haƙa rami, a zuba ruɓaɓɓen taki, a sa ƙwaya 2 ko 3, a bar tazarar mita guda tsakanin ramuka. Cikin mako ɗaya zuwa biyu zai tsiro. Kada a bar ruwa ya kwanta a gindinsa, don saiwar ruɓewa take yi.

Da yawa sukan damu in suka ga furannin farko na zubewa babu ɗa. Wannan ba cuta ba ce. Furen namiji da na mace duk a jikin shuka ɗaya suke, kuma na namijin ne ke riga fitowa, a cunkushe. Na mace shi kaɗai yake fita, da ɗan mitsitsin soso a gindinsa. Ƙudan zuma ne ke kai garin furen daga wannan zuwa wancan, saboda haka a guji fesa maganin ƙwari da safe, lokacin da furanni ke buɗe.

A Indiya da Sin ana tsinke soson tun yana ɗanye ƙarami, a dafa a ci. Mai neman na wanka kuwa sai ya yi haƙurin wata 4 zuwa 6, har ɓawon ya koma ruwan ƙasa, ya yi sakayau, iri na ƙara a ciki in an girgiza. Daga nan sai a ɓare, a kakkaɓe irin, a wanke, a shanya. Irin baɗi kuma a ɗebe shi daga mafi girma da miƙewa, a adana inda babu danshi.