Akun Magana Jari Ce Daga Indiya Ya Taso

Uwargida, in kin tashi a Zariya a shekarun 1980, wataƙila kin zauna a gaban talabijin ɗin maƙwabta kina kallon Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta shirya. Marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan, yana cikin 'yan wasan.

Littafin ma a nan aka rubuta shi. A 1936 Rupert East ya ɗauko Abubakar Imam daga Midil ta Katsina, inda yake koyarwa, ya tara masa littattafai, har da Alfu Laila da tatsuniyoyin Turawa. Wata shida ya yi yana aikin, domin 'yan makaranta.

Shi kuwa aku, asalinsa Indiya ne. A littafin Shuka Saptati, wani ɗan kasuwa ya yi tafiya, matarsa kullum dare tana shirin fita wurin wani namiji, aku yana tsare ta da labari har dare saba'in. Ina za a ba ɗan firamare wannan? Sai Imam ya cire matar, ya sa Musa ɗan Sarki Abdurrahman, wanda ya matsa sai ya bi mahaifinsa yaƙi, alhali mugun Waziri ya ɗana masa tarko a waje. Kullum aku ya ja shi da zance har gari ya waye.

Ke ma kina da Musanki a gida, wanda da an yi magariba ƙafarsa ke ƙaiƙayin lungunan Chikaji. Akwai littafin a shagunan littattafai na Sabon Gari. Karanta masa labari ɗaya, ki tsaya daidai inda ya yi daɗi, ki ce sai gobe.